An ba ni shugabancin duti a tashar agajin gaggawa: ta ina zan fara?

SabonShugabanDuti ya rubuta:

Assalamu alaikum, manya da masana na wannan zaure. An ɗora mini shugabancin rukuni ɗaya a tashar agajin gaggawa. Mu 14 ne, da motar kashe gobara ɗaya da motar ɗaukar marasa lafiya ɗaya, ana yin dutin awa 24 a huta 48.

Matsaloli uku ne suka sha mini kai. Ma'aikata suna kukan ciwon baya da rashin barci, wasu kuma abu kaɗan ke tunzura su. In aka isa wurin aiki kowa kwamanda ne, oba-oba ta cika da surutu har ba a jin mai neman taimako. Sannan jama'a: muna isa a yi mana caa, "kun makara", "kun zo ba ruwa", wani lokaci har da jifa.

Ƙarin kuɗi babu, ƙarin ma'aikata babu. A wata ukun farko me zan sa a gaba, kuma yaya ake yin sa a aikace? Don Allah a ba ni bayani dalla-dalla. "A yi haƙuri" kam na sha jin ta.

LikitanMaaikata ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam, zan dawo kan ciwon bayan, amma ka fara da abin da ba su kawo maka kukansa ba, wato zuciya. A Amurka, inda ake bin diddigin mutuwar kowane ma'aikacin kashe gobara, kusan kashi 45 cikin 100 na waɗanda suka rasu a bakin aiki ciwon zuciya ne ajalinsu, ba ƙuna ba. Wani bincike na 2007 ya nuna ainihin lokacin artabu da wuta bai wuce kashi 1 zuwa 5 cikin 100 na lokacin aikinsu ba, amma kusan ɗaya cikin uku na mace-macen zuciyar a wannan ɗan lokacin suke faruwa. Dalilin a fili yake. Mutum yana kwance ƙararrawa ta tashe shi, bugun zuciyarsa ya haura tun kafin ya taka ƙasa. Ya saɓa kaya da silindar iskar numfashi na kilo 20 zuwa 25, kayan da ba sa barin zafi ya fita. Yana zubar da gumi lita 1 zuwa 2 a awa, jini ya yi kauri, ya fi saurin daskarewa. In dama yana da hawan jinin da bai sani ba, shi ke nan.

A makon farko a auna jinin kowa. Ya zauna minti 5 tukuna, a auna sau biyu, a sake wata rana. Wanda ya tsaya a 140/90 ko sama da haka ya ga likita. A duba suga da safe kafin a ci komai. 126 ko sama a ma'aunin mg/dL yana bukatar a sake gwaji. Ƙugu kuma kada faɗin zagayensa ya wuce rabin tsawon mutum. Ka kiyaye abu ɗaya: sakamakon yana hannun ma'aikacin lafiya, kai abin da za a gaya maka shi ne "ya dace da aiki", "ya dace bisa sharaɗi" ko "a ɗan sauke shi". Ranar da aka ji an yi amfani da sakamakon wani an danne masa ƙarin girma, daga ranar kowa zai riƙa haɗiyar magani a ɓoye kafin awo.

Na biyu, hutu a wurin gobara. Kada ka bar shi ga ra'ayin mutum, domin wanda ya fi bukata shi ne zai ce maka garau yake. Ƙa'idar ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka, NFPA, mai lamba 1584 ta ce bayan silinda ɗaya ta minti 30, ko aiki mai tsanani na minti 20, a huta aƙalla minti 10. Bayan silinda biyu, ko aikin minti 40, a huta minti 20. Wurin hutun ya kasance a inuwa, ta inda iska ke tasowa, nesa da hayaƙin wuta da na salansar mota. A cire riga, hular kwano, safar hannu da mayafin wuya, a kwance wando. Zama da kaya a jiki ba hutu ba ne, zafin cikin jiki ci gaba da hawa yake. A tsoma hannu har gwiwa a bokitin ruwa mai sanyi, digiri 10 zuwa 20, na minti 10 ko fiye. Ruwan sha kofi ɗaya, kamar mililita 250, kowane minti 15 zuwa 20. In aiki ya wuce awa biyu a haɗa da ruwan gishiri da sukari na fakiti. Kada ya wuce lita ɗaya da rabi a awa, domin ruwa zalla in ya yi yawa yana tsinka gishirin jini, wannan ma yana kisa.

Wanda ya fara tangaɗi, ko maganarsa ta daina haɗuwa, ko ya hau faɗa ba dalili, ka ɗauka zafi ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko da yana gumi. A tuɓe shi, a tsoma shi ko a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita nan take. Sanyaya jiki ke gaba, tafiya asibiti ta biyo baya.

Sai hayaƙi. Kuskuren da aka fi yi shi ne cire takunkumin iska da zarar harshen wuta ya mutu, a shiga tonon toka da fuska a buɗe. A lokacin nan kabon monoksaid da sayanaid suna nan cike da ɗaki, ga shi kabon monoksaid ba shi da wari. Na'urar nan da ake maƙala wa yatsa ba ta bambance shi da oksijin, za ta nuna maka 98 alhali jinin mutum cike yake da guba. Ciwon kai, jiri ko tashin zuciya bayan gobara: a sa masa oksijin, a kai shi asibiti. A 2022 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aikin kashe gobara a rukunin farko na abubuwan da ke jawo cutar daji, musamman ta mafitsara da irin wadda asbestos ke haddasawa. Baƙin hayaƙin ta fata ma yake shiga, ta wuya da muƙamuƙi. Wani gwaji na 2017 ya nuna goge kaya da buroshi da ruwan sabulu a wurin gobarar yana cire kusan kashi 85 cikin 100 na wannan dauɗar, goge wuya da jiƙaƙƙen ƙyalle yana cire kusan rabi. Wanka cikin awa ɗaya da dawowa. Kayan aiki ba sa shiga ɗakin kwana, ba sa zuwa gida a wanke su tare da na yara.

TsohonKwamanda ya rubuta:

Allah ya taya ka riƙo, ɗana. Duk abin da Likita ya faɗa daidai ne, sai dai ko ɗaya ba zai yiwu ba in babu mutum guda da aka san shi ke da magana a wurin aiki. Wa zai ce wa wane ya fito ya huta in kowa kwamanda ne?

Tsarin jagorancin wurin haɗari da ƙasashe da yawa ke bi yanzu ya samo asali ne daga gobarar dajin Kalifoniya ta 1970, inda aka gano ba ƙarancin motoci ne ya fi ɓata aiki ba, rashin sanin wa ke ba wa wa umarni ne. Ginshiƙinsa biyu: kowa shugaba ɗaya yake da shi, kuma shugaba ba ya riƙe sama da mutum 3 zuwa 7 kai tsaye, 5 ya fi. Ku 14 ne, ka raba su uku: masu shiga, masu ruwa da famfo, masu jinya. Da shugabannin nan uku kawai za ka riƙa magana.

Wanda ya fara isa ya ba da rahoton daƙiƙa 30: ga abin da nake gani, ga abin da zan yi, ga abin da nake bukata, ni ne kwamanda. In babba ya iso, ba ya karɓa sai an yi masa bayani baki da baki an kuma sanar a oba-oba. Kwamanda ya zagaye ginin kafin ya tura kowa ciki, kuma ba ya riƙe mesa. Da zarar ka kama mesa, idonka ya koma kan wuta, babu mai kallon rufin da ke shirin ruftawa.

Surutun oba-oba maganinsa maimaitawa. Ka kira suna, ya amsa, ka ba da umarni, ya maimaita maka, ka ce daidai. Wanda ba a kira ba ya yi shiru, sai in rai ne a haɗari. Ku tsayar da kalma ɗaya ta neman ceto wadda in aka faɗe ta kowa zai saki layi, da alama ɗaya ta "kowa ya fito", misali dogon hon sau uku. Ku yi atisayensu duk mako har su zama jiki.

A ƙofar shiga a ajiye mutum da allo: suna, lokacin shiga, matsin silinda. Biyu ke shiga tare, biyu na waje cikin shiri. Kada ka yarda da mintunan da ake faɗa na silinda. Mai lita 6.8 a matsin bar 300 (bar ma'aunin matsin iska ne) tana ɗauke da iska kusan lita 1,800. A lissafin lita 40 a minti, minti 45 ke nan. Amma mai jan mesa a matakala yana shan lita 80 zuwa 100, wato wajen minti 20. Usur ɗin ƙarancin iska yana kaɗawa wajen bar 50 zuwa 60, kuma ba alamar "fara fitowa" ba ce. Kamata ya yi ya kaɗa mutum yana waje. A kira suna kowane minti 10 zuwa 15, da kuma bayan duk wata ruftawa ko fashewa.

Ka ba ƙarami ikon cewa a tsaya. Masu jiragen sama sun koyi wannan da tsada bayan karon jirage biyu a tsibirin Tenerife a 1977 da ya ci mutum 583, inda shakkar ƙaramin ma'aikaci ba ta tsayar da shugaban jirgin ba. Ka koya musu yadda ake faɗa: a kira sunanka, a faɗi abin da aka gani, a faɗi haɗarinsa, a kawo shawara. In ya yi kuskure, ka gode masa a gaban mutane, ka gyara masa ku biyu. In ka kunyata shi sau ɗaya, ran da ya ga bango na tsagewa shiru zai yi.

Barci kuma ba halin mutum ba ne, jadawali ne, jadawalin kuwa a hannunka yake. Masu bincike a Ostireliya sun nuna a 1997 cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, lurarsa da saurin hannunsa sun yi daidai da na mai barasa kashi 0.05 cikin 100 a jini, iyakar da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da ita. A awa 24 abin ya kusa ninkawa. Don haka direbobi biyu, a yi karɓa-karɓa. Wanda ya tuƙa da ƙarfe uku na dare ba shi zai tuƙa da asuba ba. Ka halatta barcin rana na minti 20 zuwa 30, ka daina kiransa lalaci. Kofi da lemon ƙara kuzari a dakata da su awa 6 kafin kwanciya. Musayar duti ta bi ta rajista, don ta nan ne mutum ke haɗa awa 48 ba ka sani ba. Mai minshari mai ƙarfi da gyangyaɗi da rana ya ga likita: a wani bincike na 2015 kan ma'aikata kusan 7,000 a Amurka, kashi 37 cikin 100 sun nuna alamun cutar barci, mafi yawansu ba su sani ba.

Bayan kowane babban aiki ku zauna minti 15: me muka yi niyya, me ya faru, me ya sa, me za mu canja. Ka fara da naka kuskuren. Ka bambance tuntuɓe da mugun sabo da ganganci. Na farko gyaran tsari yake so, na biyu horo, na uku ne kaɗai na hukunci. In kuma aikin ya yi muni, kamar mutuwar yara, ka tara su a ranar kowa ya amayar da abin da ke ransa.

SabonShugabanDuti ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Likita. Ranka ya daɗe Kwamanda, wannan zaman na amayar da abin da ke rai, in wajabta shi ne? Akwai waɗanda na san ko an kwana ana tambaya ba za su ce uffan ba.

MalamarShawara ta rubuta:

Kada ka wajabta, Malam. Ranka ya daɗe Kwamanda, a gafarce ni, a nan zan saɓa maka. Zaman bitar aiki na tambayoyi huɗu yana da kyau. Amma tara mutane a ranar a sa kowa ya sake zayyana abin da ya gani da abin da ya ji a ransa wani abu ne daban. An yi ta yin sa tun shekarun 1980, sai bitar gwaje-gwajen da aka yi a 2002 ta nuna zama ɗaya irin wannan ba ya hana ciwon firgici na bayan tashin hankali, a wasu ma ya ƙara dagula shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayansa, hukumar tsara ƙa'idojin jinya ta Ingila ma ta ce kada a yi. Wanda ke bakin famfo bai ga gawar ba, sai ka zaunar da shi a zana masa ita filla-filla. Wanda kuma shiru ne hanyarsa ta daidaita kansa, ka tilasta masa tonawa tun abin yana ɗanye.

Abin da ake yi a ranar mai sauƙi ne, kuma shi ne taimakon farko na kwantar da hankali da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarsa a 2011: duba, saurara, haɗa. Ka duba wa ya ji rauni, wa ke rawar jiki, wa ya keɓe kansa. Su yi wanka, su ci, su kira gida. Ka gaya musu gaskiyar abin da ya faru, domin jita-jita da "da na sani" su ke cin mutum. Wanda ya so magana a saurare shi ba tare da tono ba. Wanda abin ya fi taɓawa kada ya tuƙa kansa gida.

Sai bibiya. Sojojin ruwan Birtaniya suna da tsarin da 'yan sanda da masu motar asibiti suka ara: abokin aiki da aka horar yana zama da mutum bayan awa 72, ya sake bayan wata ɗaya. A makonnin farko mafarki, firgita, rashin barci da saurin fushi ba ciwo ba ne, yawanci suna lafawa da kansu. In sun wuce wata ɗaya, ko mutum ya fara kauce wa wata hanya ko wani irin kira, ko ya koma shan ƙwaya ko barasa don ya samu barci, lokacin ganin ƙwararre ya yi. Akwai magani na zama da tattaunawa da aka tabbatar yana aiki. Kusan ɗaya cikin goma na ma'aikatan ceto a duniya na fama da wannan ciwo, masu motar asibiti sun fi kowa. A rukunin mutum 14 ka yi lissafi da kanka.

Abokan bibiyar biyu sun isa. Su ma'aikatan za su zaɓa a asirce, kuma kada kai ka shiga ciki, don ba a kai wa mai rubuta rahoton ƙarin girma kukan zuciya. A gaya wa kowa iyakar sirrin tun farko: ana riƙe komai, ban da barazana ga ran mutum ko na wani.

Wanda ya fara rabar da kayansa, ko yana cewa iyalinsa za su fi hutawa in ba shi, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a karɓe makullin akwatin magunguna ko makami in yana riƙe da shi, a kai shi ga likita a ranar.

Masu saurin fushin nan naka, gyara musu barci tukuna na wata ɗaya. Da yawa a nan abin zai tsaya.

TsohonKwamanda ya rubuta:

Na karɓi gyara, Malama. Abin da ba zan janye ba shi ne shugaba ya kasance a tashar a daren, kada ya shige ofis yana cika takarda. Ko ba a ce komai ba, su gan shi.

JamiinHulɗa ya rubuta:

Yallaɓai, "kun makara" da "kun zo ba ruwa" ba duka ƙarya ba ne, ba kuma duka gaskiya ba. Kafin ka je kare kanka, ka san lambobinka. A kowane kira a rubuta lokaci huɗu: shigowar kira, fitar mota, isa, fara zuba ruwa. Ka ƙara tambaya ɗaya ga mai gida: yaushe aka fara ganin hayaƙi? Bayan wata ɗaya za ka ga inda mintunan ke zubewa. In tsakanin kira da fita ne, laifinku ne, kuma atisaye ke gyara shi. Sau da yawa kuwa za ka tarar an yi minti 15 ana fama da bokiti kafin wani ya tuna da waya, ko an kira an kasa kwatance.

Ka kai wa jama'a lissafi biyu. Cibiyar gwaje-gwaje ta UL a Amurka ta cinna wa ɗakuna biyu wuta, ɗaya da kayan da na katako da auduga, ɗaya da kayan zamani na soso da roba. Na zamanin ya kama gaba ɗaya cikin ƙasa da minti 5, na da sai da ya kusa minti 30. Ke nan ko a minti 8 kuka isa, a idon mai gida kun makara. Na biyu, tankin lita 3,000 da mesa mai fitar da lita 500 a minti, minti 6 ne ya ƙare. Mutanen da suka ga ruwa ya yanke ba su san haka ba, sai su ce da rabin tanki kuka zo. Ku zagaya yankinku ku rubuta duk inda za a iya jan ruwa, ku nemi izinin masu shi tun kafin ranar bukata.

A wurin aiki ka ware mutum ɗaya wanda aikinsa jama'a ne kawai, ko da hannu ya yi ƙaranci. Ya nemo mai gida: akwai mutum a ciki, a wane ɗaki, ina tukunyar gas, an kashe lantarki? Sannan ya raba wa masu zafin kai aiki. Wannan ya riƙe igiyar shinge, wancan ya buɗe hanya, wani ya tsaya a mararraba ya jagoranci mota ta biyu. Taron da ba shi da abin yi shi ke neman dutse. Masu nazarin aikin 'yan sanda sun daɗe da gano cewa mutane sun fi ba da haɗin kai in an saurare su, an yi musu bayanin dalili, ba a nuna bambanci ba, an kuma mutunta su, ko da sakamakon bai yi musu daɗi ba. Kuma ka haramta wa ma'aikatanka ɗaukar hoton gawa ko majinyaci. Hoto ɗaya a Facebook ya isa ya rushe aikin shekara.

Jifa kam ba a yi masa kara. A ajiye mota tana fuskantar hanyar fita. In aka fara, alamar janyewa, kowa ya shiga mota, a kira 'yan sanda, a rubuta rahoto ko ba a ji rauni ba. Washegari ka je wurin shugabannin unguwar da lokutan nan huɗu a takarda.

Taro kuwa kada ka kira su tasha, ka same su inda suka saba haɗuwa. Ka fara da sauraro, ka yi alkawari biyu kacal da ka san za ka cika, ka dawo bayan kwana 30 da rahoto. Abin da ya fi jawabi shi ne horo na awa biyu, da hannu. Danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, domin kowane minti da zuciya ta tsaya ba a danna ba damar rayuwa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Danne jini da ƙarfi ba a ɗagawa ana leƙe. In hannu ko ƙafa ne kuma jinin ya ƙi, a ɗaure santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ban da kan gaɓa, a rubuta lokaci, kada a sassauta. Ƙuna, ruwa mai gudu minti 20, ba ƙanƙara, ba shafe-shafe. Wutar mai a tukunya, a kashe murhu a rufe da murfi, ruwa tarwatsa ta yake. Sai yadda ake kira: wuri tukuna, sannan abin da ya faru.

Wannan ba sabon abu ba ne. Birnin Seattle ya fara koya wa jama'a danna ƙirji tun 1971. A Ghana an horar da direbobin haya sama da 300, saboda su ke fara isa wurin haɗarin mota. A arewacin Iraƙi da Kambodiya, da aka horar da ma'aikatan lafiya na karkara da dubban mutanen ƙauye, mace-macen masu munanan raunuka sun sauko daga kashi 40 cikin 100 zuwa kusan 15. Ka fara da direbobi, masu gadi da malaman makaranta. Ka riƙa tura ma'aikatanka su koyar bi da bi, domin wanda ya koya wa mutum ceton ɗansa da wuya ya sha jifa a layinsu, su ma kuma suna bukatar ganin jama'a a ranar da ba kuka ake ba.

LikitanMaaikata ya rubuta:

Saura bayan da na yi alkawari. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa kilo 23 a matsayin iyakar ɗauka ga mutum ɗaya, shi ma in komai ya daidaita: kaya a jikinka, ba murɗa ƙugu, riƙo mai kyau. Majinyaci mai kilo 80 da gadonsa a hannun mutum biyu ya ninka wannan. A matakala ko ƙasa mai gargada a sa huɗu, na wajen kai ne ke ƙirga. A durƙusa da gwiwa, a juya da ƙafa, in ana iya ja da zani kada a ɗaga. Ka ware minti 30 zuwa 45 na motsa jiki a cikin duti, ba har a galabaita ba tunda kira na iya shigowa. Wanda bayansa ya riƙe, kwanciya ta wuce kwana ɗaya ko biyu ƙara masa take. A ba shi aiki mara nauyi ya ci gaba da motsi. Amma in ƙafa ta yi rauni, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba, asibiti a ranar.

Masu motar asibitinka kuma, ka duba katin riga-kafin ciwon hanta nau'in B: allura uku, ta farko, bayan wata 1, bayan wata 6. Sukar allurar da ta taɓa jinin mai ciwon na iya harbin wanda ba shi da riga-kafi har kashi 30 cikin 100, nau'in C kusan kashi 2, ƙanjamau kusan 0.3. Ba a mayar wa allura murfi, akwatin zubar da ita ya kasance inda hannu ke kaiwa, a canja shi in ya kai kashi uku cikin huɗu. In an soku, a wanke da sabulu da ruwa, ba matsewa, ba bilic. Maganin kariya daga ƙanjamau ana so a fara shi cikin awoyin farko, iyakarsa awa 72, ana sha kwana 28. Ka gano tun yanzu wane asibiti ne ke ba da shi da ƙarfe biyun dare da ranar hutu, ka manna lambarsa a cikin motar, ka kuma ba shugaban motar ikon sauke mutum daga duti nan take ba tare da jiran sa hannunka ba.